Ranar da Na Yaye Inna

Ragaya ce ta fara gaya mini, ni ce ban ji ba. A ɗakin Inna akwai ragayar da ta ɗaure da hannunta a jikin azara tun muna yara, a nan take rataye ƙwaryar fura saboda kyanwa. Duk tasowata ban taɓa ganin ta yi ko ɗage ba in za ta sauko da ita. Wata Asabar na zo daga Ungogo, inda nake koyarwa a firamare, na ɗaga labule na tarar da ita tsaye a kan kujera 'yar tsugunno tana laluben ƙwaryar. Na yi dariya na ce wa Gwaggo, "Wa ya ɗage wa Inna ragaya?" Ta ce babu wanda ya taɓa ta, wataƙila igiyar ce ta tsuke saboda damina. Na yarda, don ban san mutum yana rage tsawo ba.

Gwaggo na tambaya ba Inna ba, saboda ni 'yar fari ce. A ƙauyenmu, can gaba da Makoda, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ranar da aka yaye ni, da safe aka shafa wa nono maɗaci, aka ɗauke ni aka kai gidan kakata, a can na zauna har ta rasu. Da na dawo, sunana a bakin Inna "waccan". In tana son in yi wani abu sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan ta rufe tukunya," ko da daga ni sai ita a tsakar gida. Bayan rasuwar Baba, ƙanwarsa da muke kira Gwaggo ta dawo gidan da zama, ita ta zama bakin Inna. Ban taɓa ɗaukar wannan kunyar a matsayin ƙiyayya ba, amma haushi kam na ji shi, kuma kullum ina neman abin da zan yi mata ta ɗan waiwayo.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wanda bai taɓa yi ba zai ce aikin zaune ne. A soya gyaɗa, a murje, a fece, a kai inji, a dawo a zuba a turmi a yi ta juyawa da taɓarya ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, sannan a matse tunkuza da hannu. Duk a sunkuye ake yi. Bayan jini ya ɗauke mata da 'yan shekaru, gwiwoyi da ƙugu suka fara damunta. Ni ba ta gaya mini ba, a bakin Gwaggo na ji.

Matan garinmu kamar goro suka ɗauki magani. Kowace tsohuwa tana da ƙulli a bakin zanenta, goro da ƙwaya wuri ɗaya. A gidan suna ko zaman makoki, da wata ta yi nishi wajen miƙewa sai ta kusa da ita ta kwance ƙulli ta ce, "Ungo wannan, ni ya yi mini." Ƙin karɓa raini ne, ƙin bayarwa rowa ce. Tushen abin wani mai tallan magani ne da ke shimfiɗa buhunsa ranar kasuwa, ya haɗa ƙwayoyi uku ko huɗu ya ƙulle a leda, a ce haɗin ciwon jiki. Tsofaffin nan ba su yi boko ba amma sun iya gwaji. A hankali suka gano cewa manyan ƙwayoyin masu launi 'yan rakiya ne, mai aikin wata 'yar fara ce da ba ta fi ƙwayar dawa ba. Suka sa mata suna auta. Ni da na riga kowa zuwa ba a faɗin sunana, ita auta kullum tana bakin Inna.

Wata rana ina shirin komawa, Inna ta dubi bango ta ce, "A tambayi waccan ko ana samun auta a birni." Tun da nake ba ta taɓa roƙona komai ba, ko sabulu. Na karɓi ƙwaya ɗaya a takarda, washegari bayan an tashi daga makaranta na hau a-daidaita-sahu na shiga kasuwa na nuna wa wani mai shagon magani. Ya sauko mini da gwangwani cike. Bai tambaye ni na wa ne ba, ni ma ban tambaye shi maganin mene ne ba. Na kai mata ina jin kaina kamar wadda ta biya wa uwa Makka. In ya kusa ƙarewa Gwaggo ta sanar da ni in kawo wani. Shekara huɗu ina wannan hidima.

Inna ta koma turminta, cin abinci ya buɗe, fuskarta ta cika ta yi kumatu. Mata suna tare ni a hanya suna cewa, "Malama, kin iya kiwo, Allah ya ba ki masu yi miki." Ina amsawa da amin, kai na ƙara kumbura. Na ga ƙafafunta suna sirancewa alhali ciki da wuya suna ƙaruwa. Na ga fatar hannunta ta yi laushi, ko itacen girki ya goge ta sai ta ɗaye, tabon ya yi wata bai tafi ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa har labarin ƙashi fuskar nake tambaya.

Ƙarshen damina ne, an fara cirar gyaɗa, ƙanena ya kira ni ina cikin aji ya ce Inna ta faɗi. Da na isa na ji yadda aka yi sai na fi tsorata, domin ba ta zame ba, ba ta yi tuntuɓe ba. Sunkuyawa ta yi za ta ɗauki ƙwaryar tunkuza, wadda ta ɗauka sau ba adadi, sai atishawa ta zo mata. Gwaggo ta ce daga bakin murhu ta ji ƙas, ta zaci kara aka taka. Na tarar da ita kwance a tabarma, zufa na bin kumatun nan da nake alfahari da su, ta juya fuska bango don kada in ga tana cije baki.

An riga an aika wa mai ɗori. Tsoho ne, kakanninsa daga Borno suka zo da sana'ar, kuma ba a taɓa jin karayar da ya gani ya ja da baya ba. Ya yi bisimilla, Gwaggo ta ɗan juya ta, ya bi gadon bayanta da yatsa ta saman riga yana tofi. Ya kai wani wuri Inna ta yi ƙara. Ya janye hannu, ya naɗe karan ɗorinsa ya mayar cikin jaka.

"Malam, lafiya?" in ji ni.

"Wannan ba ɗorina ba ne, 'yata. Ni ƙashin da ya karye nake ɗorawa. Wannan tun yana tsaye aka cinye shi, kamar azarar da gara ta shiga. In na danna nan, can zai ɓalle. Ita ce ta uku da na taɓa na ji haka a garin nan, kuma duka masu kumatu ne. Ku kai ta asibiti."

Ko tukuici bai karɓa ba. Na raka shi zaure na dawo.

Maganar kumatun ce ta tsaya mini. Na ɗauko gwangwanin, na fita bakin gona inda waya ke kamawa, na kira wata maƙwabciyata ta Ungogo, nas ce. Na karanto mata haruffan jikinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara nawa tana sha?"

"Huɗu. Kullum."

"Innalillahi. Malama, shi ya cika mata fuska, kuma shi ke cin ƙashi, balle macen da jini ya ɗauke mata. Ina bakin aiki yanzu. Ki kai ta asibiti gobe-goben nan, ki tafi da gwangwanin ki nuna musu."

Abu biyu ta ce in yi, ban yi ko ɗaya ba. Ni mace ce mai saurin hawa, shekara ashirin ina ba da umarni a aji babu mai ce mini don me. Kuma a gidanmu abin da za a raba mutum da shi rana ɗaya ake raba shi. Haka aka yaye ni, haka na yaye 'ya'yana, a sha kukan kwana uku a wuce wurin. Na nufi masai na juye ƙwayoyin, na bi su da gwangwanin. Na dawo na kwance ƙullin bakin zanen Inna tana kwance, na ɗaga katifa, na zazzage jakar carbi, duk abin da na samu na zubar. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya na ce duk wanda ya sake shigo da auta gidan nan, ni da shi ne. Akwai kuma dalilin da ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji in tsaya gaban likita da gwangwanin nan ya tambaye ni wa yake sayowa.

Inna ta ce ba ta zuwa asibiti, ni ma ban matsa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A tunanina tunda na cire guba, sai a yi ta ba ta nono da romon ƙashi har baya ya koma yadda yake.

Rana ta farko ta ce wa Gwaggo duk jikinta ciwo, na ce haka yaye yake. Rana ta biyu ta ƙi abinci, kunun da na dama ta amayar, kowane yunƙurin amai kuma sai ya taɓa bayan ta yi ƙara. Rana ta uku da hantsi na ɗago kanta kaɗan zan ba ta ruwa, sai idonta ya juye. Hannunta sanyi ƙalau, wata zufa mai yauƙi ta jiƙa mata wuya. Na kira ta, Inna, Inna. Ta buɗe ido ta kalle ni sosai, cikin ido, ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?"

Shekara arba'in da 'yan kai ina jiran ta dube ni ta yi mini magana, ranar da ta yi ba ta san ni ba. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba. Daga durƙushe na yi ihu ina kiran mutane.

Gwaggo ta shigo tana salati, ta ce a juya ta gabas. Mata suka fara shigowa suna zama jikin bango shiru, irin zaman da na sani. Wata ta ce a kira liman, na ce a kira mota. Ƙanena ya samo akori-kurar da ke kwasar gyaɗa, aka cire ƙyauren ɗaki aka ɗora ta a kai don kada bayan ya lanƙwashe. Ruwan bana ya riga ya zaizaye hanya. In direba ya taka, bayanta ke sha, in ya sassauta, numfashinta ke tafiya. Ni ce ke cewa yi sauri, ni ce ke cewa yi a hankali, har ya leƙo ya ce, "Hajiya, zaɓi ɗaya." Masu cirar gyaɗa suna miƙewa daga kunya suna bin mu da kallo. Ni dai ina riƙe da wuyan hannunta, wani lokaci in ji yana bugawa, wani lokaci in rasa.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta kai ƙanena shekaru ba. Ta auna jinin Inna, ta sake aunawa, ta ce a sa mata ruwa yanzu-yanzu. Ta dubi kumatun, ta dubi ƙafafun, ta juya hannun ta ga tabon.

"Wane magani Mama take sha?"

"Ba ta shan komai," na ce. "Ta daina."

"Me ta daina? Yaushe?"

"Yau kwana uku. Ni na zubar."

"Yaya sunansa?"

Ni da na karanta haruffan nan a waya ɗaya bayan ɗaya, na buɗe baki babu ko guda a kaina. Sai Gwaggo ta zauna a ƙasa ta jawo bakin zanenta, ta kwance ƙulli da haƙori, ta ture ɓarin goro gefe. Ga ƙwayoyi uku a tafin hannunta.

"Ga ta nan, likita, mu auta muke ce mata." Ta juyo gare ni ta ce, "Tun jiya na so in jefa mata ɗaya a baki, tsoron bakinki na ji."

Likitar ta duba ƙwayar, ba ta tsaya yi mini faɗa ba, ta kira a kawo wata allura da gudu. Sai da aka yi sannan ta ja ni baranda.

"Malama, maganin nan jiki ma yana yin irinsa da kansa, shi ke riƙe jini da ƙarfin mutum. In aka daɗe ana ba shi daga waje sai ya daina yi, kamar gidan da kullum ake aiko musu tuwo har murhu ya mutu. Kin tsayar da na waje, na ciki bai farfaɗo ba. Allurar da muka yi mata 'yar'uwar abin da kika zubar ce."

"To ba shi ya karya ta ba?"

"Shi ne, shi da shekaru. Za a raba ta da shi, amma a hankali, wata da watanni. Ba a yi masa yaye irin namu. Ita ma Gwaggon taki kada ta kuskura ta daina sai mun duba ta."

"Za ta tashi?"

"Mu ga yadda jinin zai yi zuwa la'asar. Wa yake sayo mata?"

Na ce, "Ni ce." Ta rubuta a takardarta ta koma ciki.

Na zauna a gefen gadon ina kallon ruwan yana ɗiga. Ko addu'a na kasa haɗawa, daga na fara sai in tsinci kaina ina tunanin abin da zan gaya wa ƙannena. Sau biyu na cuci uwata, da tsarabata sannan da fushina, kuma duka biyun ina ganin alheri nake yi. Duk nas ɗin da ta zo awo sai in bi fuskarta da kallo ina neman labari. Ana kiran la'asar a masallacin asibitin na ji yatsunta sun motsa, sun ɗan yi ɗumi. Ta buɗe ido a hankali, ta bi rufin ɗakin da kallo, ta gangaro kaina. Tana ganina ta juya fuska bango. Na fashe da kuka har Gwaggo ta zabura ta zaci an yi rasuwa, na ce mata a'a, gane ni ta yi.

Hoton ƙashi da aka ɗauka daga baya ya nuna ba ranar atishawa abin ya fara ba. Wasu gaɓoɓin bayan sun daɗe da lotsewa, a nan tsawonta ya tafi, kuma ba ya dawowa. Muka koma gida da autar nan dai, amma da takardar likita. Ni nake yanka ta da reza a kan faranti, daga ɗaya zuwa rabi, daga rabi zuwa kwata, in ƙulla wa Gwaggo na mako guda in koma makaranta. Sai da aka kusa shuka aka raba su da maganin, ita da Gwaggo. Akwai maganin ƙashi da take sha, ana fito da ita ta sha hantsi, an kuma hana ta ɗaukar abin da ya fi buta. Turmin yana gidan maƙwabta. A zaune take salla.

Har yau in na je suna na ga tsohuwa ta jawo bakin zane, sai gabana ya faɗi. Ina yin magana, na kuma koyi ƙarasa ta: kada ki fara, in kin daɗe kina sha kada ki daina sai da likita. Wasu suna ji, wasu su ce bokon Malama ya motsa. Ni ma bara jini ya ɗauke mini, gwiwar hagu ta fara gaishe ni da safe. Na kai kaina asibiti aka duba, kuma na yi alama da alli a jikin ƙofar ɗakina, duk bayan 'yan watanni in jingina in ga ko na ragu.

Ragayar kuwa, ranar da aka gama rage maganin na hau kujera zan kwance ta in ƙara mata igiya, yadda Inna za ta kai daga tsaye ba sai ta taka komai ba. Tana zaune a bakin gado da carbi, Gwaggo ta fita ɗebo ruwa, daga ni sai ita. Na sa hannu a ƙullin ke nan na ji muryarta, ta dubi bango kamar kullum.

"A ce wa waccan ta bar ta inda take. Ai tana zuwa duk Asabar, ta riƙa sauko mini da ita."